Ranar Kwaso Sikeli

Shekara goma sha ɗaya Baba Direba ya yi yana jan farar motar wata ƙungiyar agaji, wadda ke zagaya ƙauyuka tana auna yara, tana ba masu tamowa magani da abincin gina jiki. Ya san kowane rami a hanyar, ya san gidan da karensu ke bin mota, ya kuma san kwanar da Sista, ma'aikaciyar jinyar da yake ɗauka, za ta ce a tsaya jiri ya sake ta.

Wata Litinin manaja ya tara su a ɗakin taro, har da masu gadi da mai shara, abin da bai saba yi ba. Ya ɗaga wata takarda ya ce daga ƙasashen da ke ba da tallafi ta fito. Lokacin da aka fara aikin, yaro ɗaya cikin huɗu a yankin yana fama da tamowa. Yanzu ɗaya ne cikin goma. An kusa kai wa ga abin da aka sa a gaba. Masu bayarwa kuma sun rage hannu, ɗan abin da ya saura sun karkata shi zuwa wuraren da ake yaƙi. Ƙarshen wata za a rufe ofis.

"Sun yaba mana ƙwarai," in ji manaja, idonsa a kan tebur.

Baba Direba ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wato ƙoƙarinmu ne ya kore mu ke nan."

Aka yi 'yar dariya. Mai shara ma ta yi, tana goge ido da bayan hannu.

Aikin da ya rage shi ne kwaso kayan ƙungiya daga ƙauyuka a mayar sito. Ranar Alhamis shi da Sista suka nufi ƙauye mafi nisa, na bayan gada. A hanya Sista ba ta ce a tsaya a kwanar nan tata ba, shi ma bai kunna rediyo ba.

A ƙauyen, ɗaki ɗaya ne ake aikin a cikinsa: benci biyu, tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da dutse, da sikeli rataye a jikin katakon rufi, ɗan wandon da ake saka jariri yana lilo a ƙasansa. Mai kula da ɗakin tsohuwar ungozoma ce, kowa Inna yake ce mata. Labari ya riga su isowa. Ta share ɗakin fes, ta naɗe tef ɗin auna hannu mai launin kore da rawaya da ja, ta ajiye a tebur.

Sista ta gaishe ta, ta yi mata bayani a hankali, har da zancen ɗaya cikin goma.

Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Alhamdulillahi, 'yata, wannan abin farin ciki ne. Da idona na ga lokacin da benci biyun nan ba sa isar mu. To amma shi ɗayan da ya rage, da me zan auna shi?"

Baba Direba, da ya riga ya hau benci zai kwance sikelin, ya tsaya da hannu a sama. Ya ji igiyar ta yi masa nauyi. Ya sauko ya ce wa Sista, "Ɗan ara mini wayarki, tawa ba ta kamawa a nan."

Sai da ya hau tudun bayan ɗakin kafin ya samu manaja a waya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sikelin nan in mun kai shi sito, ɓeraye zai auna?"

Ya ji manaja yana ta buɗe takardu. Can ya ce akwai wani sashe a yarjejeniyar da ya yarda a bar ƙananan kaya a hannun mutanen gari, muddin wani zai sa hannu ya karɓa. Ya ƙara da cewa, "Har na sauran ƙauyukan ma, Baba. Ni ne ban karanta da kyau ba."

Da aka kawo takardar karɓar sikelin, Inna ta ƙi dangwala yatsa. Ta ce ajin manya da ta zauna shekara biyu ba don ado ba ne. Ta karɓi biro, ta sunkuya, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, harshenta a gefen baki, wasu mata na leƙe ta taga suna yi mata tsiya.

Suna shirin tafiya ta ce, "Malam Direba, dakata, akwai mai son gaishe ka."

Wata mata ta shigo riƙe da hannun yarinya doguwa, 'yar shekara tara, da kayan makaranta a jikinta. Bai gane yarinyar ba, amma ya gane uwar nan take. Shekara takwas da suka wuce, cikin damina, ya ɗauki matar nan da jaririyarta zuwa babban asibiti. Tef ya nuna ja, yarinyar ko kuka ba ta iya yi. Da suka isa uwar ta kasa ko sauka daga mota, shi ya rungumi jaririyar ya ruga da ita ɗakin yara, yana jin kamar zane kawai ya riƙe. Bayan nan iyalin suka tashi daga ƙauyen neman aiki. Sau da yawa ya yi niyyar tambayar Inna yadda aka ƙare, amma tsoron amsar ya hana shi.

"Bana muka dawo," in ji uwar. "Ga 'yarka, Baba. Aji uku take."

Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba."

Ya yi ta kallonta. Da ƙyar ya ce, "Ke ce? To wallahi yanzu ba zan iya gudu da ke ba, bayana ba zai yarda ba." Ɗakin ya kwashe da dariya, shi kuma ya fita wai zai duba tayar mota. Ya daɗe a tsugune a gindin tayar da ba abin da ya same ta.

Da yamma ya isa gida da ƙwai shida a cikin hularsa, kyautar uwar yarinyar. Matarsa ta karɓa ta ce, "Malam, mutum ya rasa aiki ya shigo yana murmushi?" Ya zauna a bakin ƙofa ya ba ta labarin tun daga farko, ta bar tukunya a wuta har ta kusa kamawa.

Ƙarshen wata aka rufe ofis, aka tafi da farar motar. Sista ta samu gurbi a babban asibiti. Baba Direba ya yi wata biyu a zaune, sannan wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi jan motar hatsi, kuma hanyarsa ta bi ta bayan gada. Tun ranar farko ya gaya wa maigidan nasa cewa kujerar gaba ba ta haya ba ce. Duk sati yakan tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya danna ham sau biyu. Yawanci takan leƙo ta ɗaga masa hannu ya wuce. Wani satin kuma sai ta fito da uwa da yaron da za a kai babban asibiti, shi kuma ya kwashe tarkacensa daga kujera, ya ce wa uwar ta riƙe yaron da kyau, akwai ramuka kafin a kai kwalta.