Sakatar Ciki

Katako ba ya ƙarya. Mutum ne zai tsaya a gabanka ya shara ta har da rantsuwa, amma ƙofa, in ka san aikinka, za ta gaya maka wanda ya taɓa ta da yadda ya taɓa ta. Shekara talatin kafintan nan ya yi yana rataya ƙofofi a gidajen mutane. Saboda haka da wani mai shagon magani ya ja shi zuwa ɗakin da ke can ƙarshen gidansa, kusa da tankin ruwa, ya nuna masa ƙofa a tsage ya ce iska ce ta buga ta, kafinta ya matsa kusa da ita. Ya tsuguna ya duba. Ga sawun takalmi a ƙasan mariƙi, ga wani a samansa kaɗan. Iska mai takalmi kenan, ya ce a ransa.

"Aikin ba yawa, malam," in ji mai shagon magani, yana wasa da makullin mota. "Ka gyara tsagewar, ka cire sakatar ciki, ka sa mini wurin kwaɗo ta waje. Baba ne tsufa ya fara taɓa masa kai. Sai ya kulle kansa, mu yi ta bugu. Ina tsoron kada wata rana ya faɗi a ciki ba mu sani ba."

Maganar ta shiga kunne, ba laifi. Kuma mutumin nan kowa ya san shi: fara'a kamar gonar auduga, shi ne mai ba tsofaffin layi maganin ciwon ƙafa yana tsokanarsu. Ya ce zai leƙa shago ya dawo, ya fice.

Kafinta ya tura ƙofar da sallama. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. Katifa a ƙasa, bokiti da murfi, rediyo ba batir, sai kwanon abinci da aka ajiye daga bakin ƙofa aka tura da ƙafa, don ga layin da miya ta bari a siminti. A bango akwai hoton wani ƙaton mutum ya dafa ƙofar babbar mota yana dariya. Mutumin hoton shi ne zaune a katifa, sai dai an rage shi. Hannuwan nan da suka yi shekaru suna murza sitiyari yanzu rawa suke a kan gwiwa.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, ɗan nan. Sannu da aiki."

Ƙa'idar aiki ce, kafin ka gyara ƙofa sai ka kwance ƙarafan jikinta. Kafinta ya ɗauki sukundireba ya kama sakatar, hannunsa na yi ba tare da ya sa shi ba, ya zare ta ya jefa a jakar kayan aiki. A nan ne ya ga ramukan. Ba huɗu ba ne, goma sha shida ne. Sau uku kenan ana fizge sakatar nan daga katako, sau uku wani mai rawar hannu yana mayar da ita gefe kaɗan, da ƙusoshi a karkace, da alama dutse aka yi guduma da shi.

Ya waiwayo. Tsohon ya ɗaga hannu zai gyara hula, hannun riga ya zame. Shatin yatsu huɗu a damtse, baƙi ƙirin, ga wani tsohon shati a gefensa ya fara komawa ruwan ɗorawa.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

Tsohon ya ja hannun rigar. "Faɗuwa na yi."

"Faɗuwa mai yatsu?"

Tsohon ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Wani lokacin ba na iya riƙe fitsari. In yana da baƙi, ransa yakan ɓaci. Ba mugu ba ne, zuciya ce. In na sa sakata, kafin ya karya ya ɗan huce. Ɗan nan, don Allah, in da hali ka bar mini ita."

Daga kicin matar gidan ta ɗaga murya, ba ta ma leƙo ba: "Malam, kada ka biye masa, surutu ne da shi kamar rediyo. Ka ce ya miƙo kwanon in ya gama ɓarnar."

To, kafintan nan ba a banza abokan sana'a ke ce masa Guduma ba. In abu ya hau masa kai, ba ya tambayar inda zai sauka. Yana jin ƙarar mota a waje ya suri jakarsa ya fita, ya tari mai shagon magani a bakin get, a gaban mai wanki da guga, a gaban mata masu dawowa daga kasuwa, a gaban kowa da kowa.

"Kai ne iskar?" ya ce. "Kai ne iskar da ke karya ƙofa? Tir! Uban da ya haife ka, ya goya ka a wuya, shi kake duka don ya jiƙa wando? Sau nawa ka tsula masa a cinya kana jariri? Ka tsaya a shago kana washe wa tsofaffin wasu baki, naka ka ajiye shi kamar kare ana tura masa kwano da ƙafa! Wallahi hannuna ba zai sa maka kwaɗon nan ba. Ka nemi wani la'anannen."

Mai shagon magani bai ɗaga murya ba. Ya dubi mutanen da suka tsaya, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, malam." Ya shiga ya ja get a hankali.

Kafinta ya koma shagonsa ƙirji a buɗe. Ya ba maƙeri labari, ya ba mai fenti, kowa ya ce kai, ka yi daidai, haka ake son namiji. Ranar ya ci abinci da daɗi. Sai da safe, da ya zazzage jaka yana neman abin awo, sakatar ta faɗo a kan teburin aiki, ƙwal.

Ya tsaya yana kallonta. Ya yi tsawa, ya yi tofin Allah tsine, ya tara jama'a, sannan ya tafi da abu ɗaya tak da tsohon ya roƙe shi ya bari. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi a bayan wuya.

Ya so ya koma nan take, amma motar tana ƙofar gida wuni guda. Washegari ma haka. A rana ta uku ya je wurin mai wanki da guga, wanda shagonsa ke kallon gidan.

"Ai mun daɗe muna ji," in ji mai guga, yana yayyafa wa riga ruwa. "Shekara biyu. To me za mu yi? Harkar cikin gida ce. Mun taɓa kai magana gaban mai unguwa, aka kira shi, ya je da ledar magunguna ya nuna irin hidimar da yake yi, aka ba shi haƙuri." Ya danna guga. "Ranar da ka yi faɗan nan dai, mun ji abin da ba mu taɓa ji ba."

Shekara biyu suna ji! Suna ji suna guga, suna ji suna sayen maganin mura a hannunsa. Kafinta ya so ya kifar da teburin gugar, amma da wane bakin zai zagi wani?

Da motar ta fita, matar gidan ma ta bi da jakar cefane, ya tura ƙaramar ƙofar get ya shiga. Sakatar na aljihunsa, da sababbin ƙusoshi dogaye, da wani ɗan katako da ya fiƙe don a cusa a ƙarƙashin ƙofa. Yana hango ɗakin ya ja ya tsaya. An sa sabuwar ƙofa ta ƙarfe, da kwaɗo kamar dunƙulen hannu. Kuma wanda ya rataya ta ya san aikinsa, Allah ya isa: waje take buɗewa. Ko gungume ka jingina mata daga ciki, mai ja daga waje ba abin da zai tare shi.

Ya zaga wajen taga. "Baba. Ni ne, kafinta."

Aka daɗe kafin fuska ta bayyana a bayan ƙarafan. Ido ɗaya a rufe yake ruf, leɓe ya kumbura. Tsohon ya kama ƙarfen taga da hannun hagu, na dama yana rataye a ƙirji cikin tsumma.

"Baba, ka yafe mini. Na zo da sakatar. Zan je in kai ƙara, zan tara mutane, wallahi sai na..."

"A'a." Tsohon ya girgiza kai a hankali. "Kada ka ƙara tara mini mutane, ɗan nan. Kai ka yi fushinka ka tafi gida. Ni aka bar wa shi." Ya ɗaga hannun da ke cikin tsumma kaɗan. "Wannan na 'la'ananne' ne. Idon kuma na 'kare' ne. Kalma-kalma ya maimaita mini, bai manta ko ɗaya ba."

Kafinta ya damƙe sakatar a cikin aljihunsa.

A waje aka ji mota ta tsaya, aka kashe inji. Mantuwa mai shagon magani ya yi, ko kuwa wani ne ya buga masa waya, oho. Yatsun tsohon suka ƙanƙame ƙarfen taga.

"In kana tausayina," ya ce da sauri, "ka gaishe shi da kyau. Ka ce kuskure ka yi. Ka ce ni na ruɗe ka da surutu. Don Allah, ɗan nan."

Get ya buɗe. Mai shagon magani ya shigo yana kaɗa makulli, ya tsaya, ya dubi kafinta, ya dubi taga, ya ɗaga gira yana jira.

Jini na tafasa a kan kafinta har kunnuwansa na ƙara. Guduma na cikin jakarsa, tazarar taku uku ce tsakaninsa da mai shagon magani. A bayansa yana jin numfashin tsohon, gajere-gajere. Ya cire hularsa, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Barka da dawowa, ranka ya daɗe," ya ce. "Haƙuri na zo ba ka. Ƙofar ta yi kyau."