Injin da Ke Cikin Allo

Na-Sama suke ce masa a masana'antarsu, don ofishinsa na kan bene, kuma ba kasafai yake saukowa ba. Aikinsa shi ne gina injin yankan ƙarfe a cikin kwamfuta, gaɓa-gaɓa: teburin da ke juyawa, kan da ke sauka da wuƙa, hannun da ke canza ta. Kowace gaɓa sai ya nuna mata iyakarta, don a gwada aiki a allo kafin a taɓa ƙarfen gaske.

Mutum ɗaya ne ke hawowa wurinsa, Baban Biyu mai aiki da injin na gaske a ƙasa. Yakan shigo da kofin shayi, farcensa baƙi ƙirin da mai, ya leƙa allon ya ce, "Har yanzu jaririn naka bai fara rarrafe ba?"

Kafin a haɗa teburin da sauran gaɓoɓin, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baban Biyu. Wanda aka kawo madadinsa ba ruwansa da bene.

Wata rana da hantsi gaɓoɓin suka yarda da juna. Teburin ya karkata, kan ya sauko, wuƙar ta zagaye ƙarfen lami lafiya, ba karo. Na-Sama ya tura kujera baya ya ce, "Kai, zo ka ga..." Fanka kaɗai ke motsi a ɗakin. A ƙasa kuwa kowa ya toshe kunne yana harkar gabansa.

Da aka tashi ya saɓi kwamfutar ya nufi gidan abokinsa. Matar Baban Biyu ce ta buɗe ƙofa.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Yana falo. Bakin ne dai har yau shiru."

Ya same shi a kujera, ya rame, farcensa fes. Ya ɗora masa kwamfutar a cinya ya kunna. Baban Biyu ya ƙura ido. Da kan injin ya fara saukowa, sai hannunsa mai lafiya ya ɗaga, yatsun suna laluben maɓalli a iska. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa.

"Me ya ce?" Na-Sama ya tambayi matar.

"Wallahi ni ma sai in yi ta cinta. Wani lokaci ruwa yake so, wani lokaci a ƙyale shi."

Na-Sama ya yi ta maimaita masa hoton har barci ya sace shi, sannan ya zare kwamfutar a hankali ya yi wa matar sallama.

A tasha ya zauna kan benci, jaka a ƙirji. Bas ta zo, ta cika, ta tafi. Bai tashi ba, tunda ba mai jiransa a gida.