Ɗaya Cikin Huɗu

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta zare allurar daga hannun Amos, ta danna masa auduga, ta ce su jira a waje, sakamako zai fito nan da awa biyu.

Naomi ta riga mijinta fita. Ta zauna a bencin baranda, ta sauko da Debora daga baya, 'yarsu mai wata goma, wadda zazzaɓi da kumburin yatsu suka hana sakat duk makon nan. Ranar Litinin likita ya ce yarinyar sikila ce, SS. Tun daga ranar ba a sake cin abinci cikin daɗin rai a gidansu na Maje ba.

Naomi malamar bayoloji ce a wata sakandare a cikin Suleja. Shekara bakwai tana zana wa ɗalibai akwati mai gida huɗu a allo, tana nuna musu cewa kowane yaro harafi ɗaya yake gada daga uwa, ɗaya daga uba. Ita AS ce, ta sani tun tana budurwa. Takardar da Amos ya kai wa fasto kafin aurensu kuwa AA aka rubuta. Uban da yake AA ba shi da S ɗin da zai bai wa ɗa. Wannan bayanin har yayar Amos, Rifkatu, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta gane shi. Jiya ta zo ta tsaya a tsakar gida, maƙwabta na ji, ta ce, "To in ƙanena AA ne, 'yar wa muke raino?"

Amos na zaune a wurin, bai ce uffan ba. Shirun nan nasa ne ya sa yau da safe Naomi ta tare ƙofa, ta hana shi bin motar Abuja zuwa aiki, ta ce sai an sake ɗibar jininsa.

Yanzu yana tsaye jikin ginshiƙi, yana ta murza audugar da tuni jinin ya tsaya.

"Ɗakunan gwaji sukan yi kuskure," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. "Na sha gani. In na farkon kuskure ne, yau za mu sani."

"Maman Debora."

"Na'am."

Ya zo ya zauna a ƙarshen bencin, ya bar wurin mutum biyu a tsakaninsu.

"Ba sai mun jira ba. AS zai fito."

Ta juyo a hankali. "Ta ina ka sani?"

"AS ya fito tun wancan karon. Sau biyu ma." Muryarsa ta yi ƙasa har sai da ta matso da kunne. "Kin ce ba za ki auri AS ba ko waye. Sai na samu wani, ya rubuta mini wata takardar."

Debora ta motsa, ta fara kuka siriri. Naomi ta jijjiga ta.

"Ke da bakinki kika ce in AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da sikila," ya ci gaba da sauri. "Sai na ce a raina ai 'ya'ya biyu kawai muke so. In mun tsaya a biyu ba za mu kai kansa ba."

"Ba layi ba ne, Amos!" Wata tsohuwa da ke kusa ta waiwayo, Naomi ta rage murya. "Kowane ciki sabon lale ne. Na farko, na biyu, na goma, duk ɗaya cikin huɗu. Da ka tambaye ni, minti biyu ya isa in nuna maka."

"Da na tambaya, da kin gane."

Ta daɗe tana kallon yatsun 'yarta. Ta yi zaton ranar da gaskiya ta fito za ta ji sanyi a ranta, amma babu abin da ta ji sai nauyi.

"Jiya Yaya Rifkatu ta kira ni mazinaciya a gaban mutane. Kana zaune. Ka san komai."

"Tsoro na ji."

"In an ba ka takardar, keke za mu hau zuwa shagonta. Da bakinka za ka faɗa, kuma da ƙarfi, yadda ta yi."

"Zan faɗa." Ya share fuska da tafin hannu. "Daga nan fa? Za ki zauna?"

Ta miƙe, ta mayar da Debora baya, ta ɗaure zani, amma wannan karon sai ta sassauta ƙullin a kan cikinta.

"Ka tambayi nas inda ake yin awo," ta ce. "Wata biyu ke nan ban ga al'adata ba."