Iyakar Gonar Ummaru

A sashen kimiyyar kwamfuta na jami'ar da Dakta Hamida ke koyarwa a Birnin Kebbi, akwai kwas guda na 'yan shekarar ƙarshe da ba shi da tsayayyiyar manhaja. Kwas ɗin batutuwa na musamman ake ce masa. Malamin da aka ba shi ne yake zaɓen abin da za a karanta a wannan zangon, shugaban sashe ya sa hannu. Ɗalibin da ya faɗi kwas ɗin sai ya jira shekara guda kafin ya kammala.

A bana Hamida aka ba. Ta riga ta shirya darussan mako goma sha biyu a kan tsaron bayanai a intanet. Ranar Litinin aka kawo mata jerin ɗalibai ashirin da bakwai da suka yi rajista. Na goma sha tara shi ne Izzuddeen Tamba, daga Tungar Sunusi a ƙasar Argungu. Ta daɗe tana kallon sunan. Ranar Laraba ta kai wa shugaban sashe, Dakta Kalilu, sabon batu: amfani da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano iyakokin gonakin fadama.

"Ina tsaron bayanan da kinka dame mu da shi tun bara?" in ji Kalilu.

"Shi jira baɗi, Dakta. Wanga ya fi amfani ga mutanenmu."

Kalilu yana son duk abin da za a iya kiran 'yan jarida a kai. Ya sa hannu, ya ƙara da cewa a yi taron gabatar da sakamakon a gaban manoman da kansu.

Hamida 'yar Tungar Sunusi ce, amma a jami'a ba wanda ya san haka. Ta bar garin tun tana sakandare, kuma sunan mijinta ne a ƙofar ofishinta. Mahaifinta, Ummaru, manomin shinkafa ne. Gonarsa ta yi iyaka da ta Alhaji Tamba, kunya guda ce ta raba su. A fadamar Rima, duk shekarar da ruwa ya yi yawa yakan shafe kunyoyin, in ya janye sai maƙwabta su taru da shaidu a sake ja. Bayan ambaliyar 2012, Tamba ya zo da shaidu uku, suka nuna wani wuri can cikin gonar Ummaru suka ce nan iyakar take. Ummaru ba shi da shaida sai bakinsa. A gaban mai gari da jama'a Tamba ya ce masa maƙaryaci, kuma aka yanke hukunci a kan haka. Ummaru bai ƙara zama a majalisar ƙofar masallaci ba. Ya rasu bayan shekara huɗu. Har yau a Tunga, in yaro ya cika musu, akan ce masa Ummaru.

A darasin farko Hamida ta bayyana tsarin aikin. Kowane ɗalibi zai ɗauki gona guda, ya samo hotunanta na sama daga shekarar 2009 zuwa yau, ya ɗora su a kan juna a kwamfuta. Zai daidaita su da abubuwan da ba sa motsi, kamar gada ko rijiyar siminti. Daga nan ya je da na'ura ya auna iyakar da ke ƙasa yanzu, ya kuma yi hira da maƙwabtan gonar. Ta ce Tungar Sunusi aka zaɓa domin hotunanta sun fi fita.

"Akwai ɗan garin a nan?"

Izzuddeen ya ɗaga hannu. Dogon saurayi ne mai natsuwa, yana zama a layi na biyu, kuma makinsa na shekaru uku ya nuna yana dab da digiri mai daraja ta ɗaya.

"To kai ka ɗauki gonar gidanku. Ba sai mun nemi izinin kowa ba."

Ya ji daɗin hakan. Ranar da ajin ya je awo, Hamida ta ce tana da taro, ta tura ma'aikacin ɗakin kwamfuta ya raka su. Sun dawo suna labarin shinkafa da soyayyen kifin da Alhaji Tamba ya ciyar da su. Har ya aiko wa malamarsu da kwandon albasa. Ta ba masu gadi.

A mako na bakwai Izzuddeen ya ƙwanƙwasa ofishinta da rana, riƙe da kwamfutarsa. Ya buɗe hotuna biyu. A na watan Fabrairun 2010 kunyar ta fito fili, ta taso daga bakin wata rijiya ta miƙe zuwa gulbi. A na 2014 ta koma yamma da rijiyar.

"Malama, ina jin na yi kuskure wurin daidaita hotunan."

"Sau nawa ka daidaita?"

"Sau uku."

"Mi ka samu?"

"Mita arba'in da uku. Duk sau ukun."

"To ina kuskuren?"

Ya rufe kwamfutar a hankali.

"Na yi hira da wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da mu. Ta ce mai gonar da ke iyaka da tamu yana da ɗiya da ta yi karatu mai zurfi, tana koyarwa a Birnin Kebbi. Ta ce sunanta Hamida."

"Tsohuwar ta faɗi gaskiya. Ka sa ta cikin rahotonka."

"Shekarata goma lokacin, Malama."

"Ban ce kai ka yi ba."

"Ki canza min gona. Ko wacce ce, ko a Augie ce, in fara daga farko. Ina iya gamawa cikin mako uku."

"Kowa da gonar da anka ba shi. In na canza maka, sai in canza wa ashirin da shida."

"In na ƙi gabatarwa fa?"

"Gabatarwa maki arba'in ce. Rahoto talatin. Kai ka iya lissafi." Ta jawo wata takarda gabanta. "Kuma kada ka taɓa lambobin. Ina da nawa hotunan tun kafin ka shigo jami'a. Wanda ya sauya sakamako, kwamitin ladabtarwa ake kai shi, kuma ka san abin da suke yi."

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"In kina da su tun tuni, mi ya hana ki kai su gaban mai gari da kanki?"

"Na kai. Shekara shida da sunka wuce. Anka ce ɗiyar Ummaru ta zo da hoton da ta haɗa a kwamfuta."

Izzuddeen ya fita. Bai fasa zuwa aji ba, sai dai ya koma layin baya. Hamida ba ta san ko ya gaya wa mahaifinsa ba, kuma ba ta tambaya ba. Ta rubuta takardun gayyata da kanta. Ta Alhaji Tamba ta ce ana gayyatarsa a matsayin uban ɗalibi kuma babban manomi, an keɓe masa kujera a layin gaba.

An yi taron ranar Asabar da hantsi, a ɗakin taro na wata makaranta a Argungu. Manoma sun fi ɗari. Mai garin Tungar Sunusi ya zo, ɗan wanda ya yanke hukuncin farko ne. Akwai wakilin gidan rediyo guda da Kalilu ya kira. Tamba ya iso cikin babbar riga ruwan toka, yana gaisawa da mutane hannu bibiyu. Daga yadda yake dariya, Hamida ta gane ɗan bai faɗa masa komai ba. Tana zaune a gefe kusa da majigi, da takardar ba da maki a cinyarta. Ya wuce ta gabanta ya ce, "Malama, sannu da ƙoƙari," bai gane ta ba.

Ɗalibai goma suka gabatar kafin Izzuddeen. Yawancin gonakin sun motsa da mita biyu ko uku, abin da ruwa kan yi, mutane suna ta dariya suna tsokanar juna. Wani tsoho ya ce a ba shi taku biyunsa yanzu-yanzu kafin ya mutu.

Izzuddeen ya hau. Bai kalli layin gaba ba. Ya nuna hoton 2010, ya nuna rijiyar, ya nuna kunyar. Ya nuna na 2014. Ya bayyana yadda ya daidaita su da kuma iyakar kuskuren da na'urar ke iya yi, wato mita uku. Sannan ya karanta jimlar ƙarshe daga takarda: tsakanin 2010 da 2014, iyakar gonar Alhaji Tamba ta shiga cikin gonar marigayi Ummaru da mita arba'in da uku, a tsawon mita ɗari da tamanin. Ya ce ruwa ba ya matsar da kunya haka a miƙe.

Tamba ya juya ya dubi mai gari, ya yi murmushi.

"Ranka shi daɗe, aikin yara ne. Hoto ba shi shaida."

Mai gari bai dube shi ba. Ya tambayi Izzuddeen, "Kai ka auna da hannunka?"

"Ni na auna, ranka shi daɗe."

"Wani ya ce ka faɗi haka?"

Izzuddeen ya naɗe takardarsa. "An ce in auna. Abin da na samu ke nan."

"Izzu," in ji Tamba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sauko."

Hamida ta miƙe ta karɓi makirfo daga hannun ɗalibin. Ta gaishe da mai gari yadda ake gaisuwa a Tunga, ta faɗi sunanta da sunan mahaifinta. Wasu tsofaffi a baya suka fara salati. Ta ce gonar ba ita ce damuwarta ba, mai gari ya san yadda zai yi da ita bayan an yanke shinkafar da ke ciki. Ta ce kalma guda aka faɗa wa Ummaru a gaban jama'a, kuma wanda ya faɗe ta yana nan zaune.

"Baba Alhaji, ɗanka ne maƙaryaci, ko ubana?"

Tamba ya dubi ɗansa. Biyu daga cikin shaidunsa uku sun rasu, na ukun yana layi na huɗu yana kallon takalminsa. Mai gari ya ce, "Alhaji, ana jiranka."

"Ummaru bai yi ƙarya ba," in ji Tamba.

Na kusa da shi kaɗai suka ji. Hamida ta sauko daga dandamali, ta tako har gabansa, ta ɗan rusuna kamar yadda ya kamata ga babba, ta miƙa masa makirfo.

"Na baya ba su ji ba, Baba."

Ya maimaita. Wakilin rediyo ya ɗauka.

Sauran ɗalibai goma sha shida sun gabatar da nasu a gaban kujerun da rabinsu ba kowa. Izzuddeen ya zauna har ƙarshe domin dokar kwas ɗin ta ce haka. Da aka tashi, motar mahaifinsa ta riga ta tafi. Ya shiga bas ɗin jami'a ya zauna a kujerar ƙarshe.

A hanyar komawa Birnin Kebbi, Hamida tana motar Kalilu. Sun wuce gonakin shinkafa da dama kafin ya yi magana.

"Da kin gaya min, da ban sa hannu ba."

"Na sani."

"Ba za ki ƙara riƙe wanga kwas ba muddin ina kan kujerar nan. Kuma sai na rubuta wa shugaban tsangaya."

"Ka rubuta, Dakta. Zan ba ka kwanan watan komai."

"Yaron nan bai yi miki komai ba, Hamida."

Ta buɗe takardar makin ta duba layi na goma sha tara.

"Tamanin da ɗaya ya samu," in ji ta. "Ba wanda ya kai shi a ajin."