Baba Andarawus a Kan Sikeli

Ina cikin juya kifi a kan wayar banda Inna Zainabu, matar maƙwabcinmu, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Altine, zo ki taya ni, tsohon ga ya hita."

Na yafa mayafi na fito. Mijinta, Baba Andarawus, har ya wuce masallacin unguwa, yana dogara sanda, zane ɗaure a ƙugu, filastar ƙarin ruwa tana nan manne a bayan hannunsa. Da safen nan aka sallamo shi daga asibiti. Muka cim masa, Inna tana roƙonsa ya koma gida, ni ina cewa ko in tsayar masa da ɗan kabu-kabu. Bai ko waiwayo ba. Ya miƙe hanyar bakin ruwa, inda 'yan gwangwan suke da fili.

A hanya Inna ta ba ni labari. Likita ya gaya wa ɗansu Philip, wanda ke aiki a Kontagora, cewa hayaƙin dalma da warin fenti su ke ƙara cin ƙirjin tsohon. Philip ya san ba a raba ubansa da aikinsa da baki, sai ya kira Auwal mai gwangwan tun Baba yana kwance, ya ce ya kwashe duk ƙere-ƙeren tsohon da ke tsakar gida kyauta. Da Baba ya shigo gida ya ga tsakar gidan a share, bai tambayi kowa ba, sandarsa kawai ya ɗauka.

Mu a Yelwa idan aka ce jirgi, na ruwa ake nufi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin layin dogo da ido ba sai a gidan Baba. Shi mutumin tudu ne daga wajen Shanga, ya bar noma yana saurayi ya tafi aikin ginin dam, a can wani bakanike ya koya masa tuƙin ƙaramin kan jirgi mai shan gas da ke jan duwatsu. Daga nan ya koma wani kamfanin sukari, daga baya reluwe. Bai taɓa jan jirgin fasinja ba. Aikinsa shantin, wato tura taragai da jera su a filin tasha, a haɗa wannan a ware wancan, har babban kan jirgi ya zo ya ja. Ya kan ce shekara da shekaru yana tuƙi amma bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Da ya yi ritaya ya sayi gida a jikin namu, ya shiga ƙera injinan da ya tuƙa, ƙanana, kowanne bai fi kamu biyu ba. Da gwangwanin madara da guntayen ƙarfe yake yi, ya sa musu injin goge gilashin mota da batirin babur, su riƙa zagaye bishiyar dalbejiya a kan layin da ya shimfiɗa da rodi. Uku ne. Kore na dam, mai ɗan ɗakin direba ba ƙofa. Rawaya na rake. Shuɗi na reluwe, mai zane baƙi da rawaya a goshi. Ko allurar agogon mai sai da ya zana a cikin ɗakin direban, inda ba mai gani sai ya durƙusa. Ya taɓa gaya mini ya bi sawun na gaskiyar duka ukun, ya tarar an yanka su da wuta an sayar.

Muka iske filin Auwal cike. Masu baro sun yi layi da tsofaffin tukwane da ƙarafan gado, tirela tana tsaye ana lodi. Baba ya ratsa su, ya nufi babban sikelin da ake auna kaya, ya ture buhun da ke kai da sanda, ya zauna.

Auwal ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce shi ba sata ya yi ba, ba shi aka yi. Baba ya ce ya sani, ba shari'a ya zo ba, kayansa ya zo ɗauka. Auwal ya nuna tarin ƙarfen da ya fi ɗaki tsayi, ya ce tun shekaranjiya aka zuba su can, an kuma zuba wasu a kai, wa zai tone wannan?

"To ku loda ni tare da su," in ji Baba. "Ni ma tsohon ƙarhe ne. Duba allura ka gani."

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Auwal ya kawo kujera a inuwa, ya ƙi. Inna ta miƙa masa ruwa, ya kurɓa ya miƙa mata. Rana ta bazara ta take, numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan zarto. Ba a auna kayan kowa, masu baro suka fara gunaguni, direban tirela yana danna oda. Wani ƙato cikin masu lodi ya ce a ɗauke shi cak a ajiye gefe, ai bai kai nauyin buhun gero ba. Na ce masa duk wanda ya taɓa tsohon nan, matan bakin ruwa kaf za su zo su zauna a filin. Ban san ko za su zo ba, amma ya ja baya.

Philip ya iso a kan babur, farar rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tsuguna a gaban ubansa yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, na ji dai yana ambaton likita. Baba ya amsa masa da Hausa, don kowa ya ji.

"Lokacin da suka yanka manyan, ba ni nan. Ba wanda ya tambaye ni. Wanga karo ina nan, kuma ba ni tashi."

"Baba, ranka nike ji."

"Raina ka zuba cikin bola, ka ce raina kake ji?"

Philip ya daɗe a tsugune, kansa ƙasa. Sai ya miƙe, ya cire agogo ya ba uwarsa, ya hau tarin ƙarfen ya fara jifa da kaya gefe. Auwal ya dube shi, ya dubi sikelinsa, ya ce wa masu lodi su bar tirela su hau su taya shi. Wasu daga masu baro ma suka hau, don sun ga ita ce kaɗai hanyar da za a sallame su.

Koren aka fara samu, a ƙarƙashin wata ƙofar firiji, rufinsa ya lotsa amma ƙafafunsa lafiya. Shuɗin ya rabu biyu, aka tsinto shi gunduwa-gunduwa. Philip ya yanke a tafin hannu, ya ɗaure da hankici ya ci gaba. Rawayan kuwa har aka kai ƙasa ba a gan shi ba. Auwal ya ce tabbas ya bi motar jiya. Baba ya ce wannan shi ne ya fi daɗin tuƙi. Sannan ya miƙa mini hannu na tashe shi.

Auwal ya ba da baro aka zuba su tare da rodin layin. Aka ce Baba ya hau babur, ya ce ɗan shantin ba ya barin kaya a bayansa. Philip yana tura baro, shi yana tafe a gefe, hannu ɗaya a kan rufin koren, yana tsayawa ya huta a kowace inuwa. Masu shaguna suna fitowa suna yi masa sannu. Muna isa ƙofar gida ƙafafunsa suka ƙi, mijina da Philip suka ɗauke shi suka shigar.

Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Ya ce a fito da gadonsa gindin dalbejiya, aka fito. Philip ya kira wajen aikinsa ya ɗauki hutu, bai kuma sake ambaton likita ba. Ta kan katanga nake jin su. Baba yana kwance yana ba da umurni, Philip yana zaune a ƙasa da ƙarfen narka dalma, hannu a naɗe. Faɗa suke yi kullum. Baba ya ce layin ya karkace, Philip ya ce idonsa ne. Ya ce a kawo masa ya shafa, ya shafa, ya ce a sake. Idan hayaƙin dalma ya taso Inna takan tsaya da mafici tana kore shi daga fuskarsa, shi kuwa yana cewa ta matsa, tana tare masa gani.

Shuɗin bai gyaru ba, an dai haɗa shi ya tsaya a kan ƙafafunsa. Koren ya tashi ranar wata Talata bayan la'asar. Inna ta kira ni na shiga. Philip ya haɗa wayar batir, injin ya yi ƙugi, ya zabura da gudu ya kusa sauka daga layi.

"A hankali," in ji Baba, muryarsa da kyar take fita. "Shantin ba tsere ba ne."

Philip ya rage. Koren ya tafi sannu-sannu har ya taɓa goshin shuɗin, ƙarfe ya ce ƙas, ya tura shi suka zagaya bishiyar. Baba yana bin su da ido. Da suka ɓace a bayan kututture ya ɗaga kai daga matashi yana jira, da suka fito ya mayar. Ya ce a sake. Aka yi ta sakewa har batir ya mutu.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Ina wanke kifi na ji Inna ta kira sunan Philip sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Mutanen cocinsu suka zo daga Shanga a motar ɗaukar kaya, mazan unguwarmu suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa, mu mata muka ɗora tukwane. Auwal ya rufe filinsa ya zo, ya zauna can ƙarshen tabarma har yamma. Da zai tafi ya gaya wa Philip cewa shi ya kira direban motar da ta tafi da rawayan, an riga an sauke kayan a kamfanin narka ƙarfe.

Philip ya so ya tafi da uwarsa Kontagora, ta ce ba yanzu ba.

Ranar da hadarin farko ya taso ina tsakar gida ina kwashe itace. Iska ta fara kaɗa ganyen dalbejiya, na leƙa in gaya wa Inna ta shigar da shinkafar da ta shanya. Na same ta ta zazzage shinkafar a kan siminti, tana jan tamfol ɗin da ta shanya ta a kai zuwa gindin bishiya. Ta lulluɓe injinan biyu, ta ɗora dutse a kowace kusurwa, ta danna da ƙafa. Sannan ta koma ta durƙusa tana tara shinkafar da hannu, yayyafi yana sauka a bayanta.