Ƙwayoyin da Na Ba Nu'uman

"Wannan kuma wa ya ba shi?"

Likitar ta ɗaga kati na uku daga cikin magungunan da aka zazzage daga jakar Nu'uman. Da Yarbanci ta yi tambayar, amma ban jira fassara ba. Na san katin. Ni na yanke shi da reza, na ba shi rabi.

Maƙwabcina Malam Rabe, uban yaron, ya girgiza kai. Ni kuma ban ce ni ne ba.

Shekara ashirin muna katanga ɗaya da Rabe a unguwar Sabo. Nu'uman yana aji uku a jami'a, shi ya cike wa 'yata Sakinat takardun shiga. Ranar Litinin ya dawo gida da zazzaɓi, ga jarrabawa a makon. Na tarar da shi a ƙofar gida, littafi a cinya, yana rawar sanyi.

"Kai ɗan boko, haka za ka rubuta?"

"Baba Jafaru, in na faɗi wannan sai na maimaita shekara."

Na shiga na ɗauko masa na ciwon jiki, wanda nake sha in na yini ina ɗaga buhunan albasa a kasuwar Shasha. "Oya, maza sha bibbiyu. Ni ko giwa ta taka ni, wannan ke tashe ni." Ya yi dariya ya karɓa.

Ranar Juma'a idanunsa suka yi ɗorawa, amai ya ƙi tsayawa. Muka ce shawara ce. Sai da ya daina gane uwarsa muka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti.

A asibitin, Sakinat da ta biyo mu ta jera katunan a kan tebur, ta juya bayansu tana karanta ƙananan rubutun.

"Baba, wannan na zazzaɓi ne, mamarsa ta ba shi. Wannan na mura, abokinsa ya ba shi a makaranta. Wannan na ciwon jiki. Sunan ne kawai daban. Dukkansu farasitamol ne a ciki."

"Farasitamol?" in ji Rabe. "Wanda ake ba jarirai?"

Likitar ta ce bibbiyu yake sha daga kowane kati, sau huɗu a yini, kwana huɗu, in wani ya ƙare ya sayo irinsa. Hantarsa ce ta ƙone. Ɗan jami'a, mai karanta littafi mai kauri kamar bulo, bai taɓa juya bayan katin ba. Ni da ba na iya karantawa sosai, ban ce ya juya ba.

Ya rasu ranar Lahadi bayan azahar.

Da muka dawo daga maƙabarta, na jira mutane suka ragu a zaure. Ƙafafuna suka kai ni gaban Rabe.

"Malam, kati na ukun nan, ni ne."

Ya ɗago ya kalle ni. Na zaci zai tashi ya bar min wurin.

"Tun jiya uwarsa ke cewa ita ce," ya ce a hankali. "Zauna, Jafaru."

Ya matsa min a tabarma. Muna zaune sai ga samari biyu daga jami'a a bakin ƙofa, sun cire takalma, suna riƙe da katifar Nu'uman a naɗe da bokitinsa, suna duban inda za su ajiye.