Ciwon Cikin Mai Batir

Mai Batir bai san ciwo ba sai da ya haura arba'in. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai faci da mai walda. A nan yake yini yana fasa tsofaffin baturan mota da gatari, yana narka dalmar cikinsu a ludayin ƙarfe, yana zuba sabon kai ga batirin da nasa ya cinye. Hannunsa duk tabon ruwan batir ne, kuma da hannun nan yake cin abinci. In ya goge shi a wando, a ganinsa ya gama tsabta.

Ciwon a hankali ya shigo. In ya ci abinci, ya sha ruwa, kafin ya miƙe sai ya ji an kama hanjinsa an murɗe kamar ana matse wanki. Ya dunƙule a ƙasa yana gumi, yana cizon hannun riga don kada maƙwabta su ji ƙato yana kuka. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba shi farin magani mai ɗanɗanon alli. A asibiti aka ce taifod, aka zuba masa allura goma. Mai hoton ciki ya lalube shi sama da ƙasa, ya ce shi kam bai ga komai ba, cikin nan ma ya fi nasa lafiya. Wani likita kuma ya hana shi yaji da maiƙo, ya sallame shi.

Matarsa ta ɗauki maganar likitan nan da gaske. Tana da ciki wata uku, na fari bayan shekara tara da aure, ga laulayi, amma kullum sai ta ɗora tukunya biyu: babba ta gida, da wata 'yar ƙarama da take dafa masa tasa miyar tumatir ba yaji ba mai. Ciwon maimakon ya ragu sai ya ninka. Ya rame, ya yi baƙi, abu kaɗan ke tunzura shi.

Ana haka yayarsa ta zo dubiya. Irin matan nan ce da ba sa zargin kowa, su dai tambaya kawai suke yi.

"In ka ci burodi a shago yana murɗa ka haka?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Ba kamar na gida ba, Yaya."

"To me ya sa ake raba maka tukunya? Ni ban ce komai ba fa. Ka dai buɗe ido."

Ta gyara mayafi ta tafi abinta, ta bar shi da maganar.

Washegari ya dawo cin abincin rana. Cokali biyar ya yi ciwon ya damƙe shi. Ya ɗago ya ga matar tsaye tana kallonsa, kuma abin haushi, tausayin da ke fuskarta shi ya ɗauka jiran sakamako ne. Ya yi jifa da farantin, ya tarwatse a bango. Ya shaƙo wuyan rigarta ya wanke ta da mari, ya ƙara, kanta ya bugu da ƙyauren ɗaki. Ta zube tana kare cikinta da hannu biyu, jini na bin haɓarta.

"Me kike zuba mini?"

"Maigida, ka ji tsoron Allah. Ni?"

Ya janyo 'yar tukunyar daga kan murhu, ya danne matar da gwiwa, ya matse mata kumatu har bakin ya buɗe. Ya dinga ɗura mata miyar da zafinta, cokalin na karo da haƙoranta har ɗaya ya ɓalle. Tana ƙwarewa yana ƙarawa. Da ya gaji ya tsaya yana haki, ya kafa mata doka: daga yau rabin abincinsa nata ne, sai ta cinye nata kafin ya taɓa nasa. In kuma ta taka ƙofar gidan nan da sunan tafiya gidansu, to ta amsa laifinta ke nan.

Ba ta tafi ba. Ta zauna don ya gani da idonsa cewa hannunta ba komai. Wata biyu tana cin rabin, safe da rana da yamma. Ranar da amai ya hana ta, sai ya cire bel. Mai walda ya taɓa yi masa magana a kan ihun da ake ji daga gidansa, Mai Batir ya bi shi da sifana har tsakiyar titi. Da ita ma ta fara riƙe ciki tana nishi, ta ce ai na masu juna biyu ne. Shi kuwa ya ce munafunci ne, tana kwaikwayonsa don ta wanke kanta.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a shago da ludayin dalma a hannu. Mai waldan da ya kora da sifana, shi ya ɗauke shi zuwa babban asibiti. Wata dattijuwar likita ta duba takardunsa duka, ta ture su gefe, ta yi masa tambayar da babu wanda ya taɓa yi masa.

"Malam, mece ce sana'arka?"

Ya faɗa mata. Ta ɗaga leɓensa ta haska dasashinsa, ta nuna masa a madubi wani siririn layi shuɗi-shuɗi a gindin haƙora. Aka ɗebi jini, aka ce ya dawo bayan kwana uku.

Ya dawo da hantsi, shi kaɗai.

"Dalma ce a jininka," in ji ta. "Ita ke murɗa maka ciki, ita ke hau maka kai. Babu wanda ya ba ka komai."

Ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa. Ya kasa kallonta.

"Amma yawanta ya wuce na hayaƙin shago," ta ci gaba. "Kamar cin ta kake yi. Da me ake dafa maka abinci?"

Ya buɗe baki zai ce tukunya ce kamar ta kowa, sai ya tuna. 'Yar tukunyar nan ta huje tun bara. Matar ta ce a jefar, ya ce shi da ke gyara batirin tirela ba za a jefar da tukunya a gidansa ba. Ya kai ta shago, ya ɗiga mata narkakkiyar dalma a gindi, ya daddale da guduma. Har yabon kansa ya yi ranar.

Da ya gama faɗa, likitar ta ajiye biro.

"A daina amfani da ita yau. Kai babba ne, za mu yi maka magani. Wanda nake tsoro wa shi ne ƙaramin yaro, ko mace mai ciki, don kai-tsaye take wucewa wurin ɗan. Akwai wanda ke ci tare da kai?"

Ya tashi ya ture kujera, ya fita da gudu tana kiransa. Bai tsaya neman mota ba. Ya ratsa titi ana danna masa ham, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba, ciki na murɗa shi yana gudu a duƙe, yana roƙon Allah ya sa yau ta makara da girki.

Ya banko ƙofa. Tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, cikin ya fito sosai, kumburin leɓenta na sama bai gama sacewa ba. Ganin yadda ya shigo, ta ɗaga hannu ta kare fuska, ɗayan kuma ta tura masa farantin da sauri. An raba abincin biyu daidai, gefe ɗaya an share shi tas.

"Na ci nawa, Maigida," ta ce. "Wallahi ban rage ko loma ba. Zauna ka ci."